Dogon Hutun da Yaro Ba Ya Cikin Rajistar Kowa

  Masu sauraro a Jigawa, sharhin yau a kan wani hutu ne. Dogon hutun nan da ke tsakanin aji shida na firamare da aji ɗaya na ƙaramar sakandare.

A duba yadda abin yake tafiya. Wajen watan Yuli 'yan aji shida sukan rubuta jarrabawarsu ta ƙarshe. Hedimasta ya tara su a gindin darbejiya, ya yi musu nasiha, ya sa musu albarka, ya rufe rajista. Daga ranar sun fita daga hannunsa. Can a ƙaramar sakandare kuwa, ko da sunayensu sun isa a takarda, shugaban makaranta bai san fuskokinsu ba. Wanda ya zo da ƙafarsa a watan Satumba shi ne ɗalibinsa. Wanda bai zo ba, ba a bin sa bashi. To tsakanin Yuli da Satumba, yaron nan na wane ne? Ba ya cikin rajistar kowa. A riƙe wannan maganar, domin za a yi ta dawowa kanta.

Kuma a lura da lokacin da hutun yake faɗowa. Tsakiyar damina ce. Ana maimai, gero ya fara fitar da kai, uba yana neman hannu a gona. Kafin a koma makaranta girbi ya kama. Bayan gero ga gyaɗa, ga wake, ga riɗi. Yaron da aka ce ya tsaya a gama yankan riɗi tukuna, kafin ya waiwaya an yi nisa da zangon farko. Kunya ta hana shi shiga aji a makare. Daga nan sai turin baro a kasuwar Shuwarin ko ta Sara. Sai kuma wata safiya a ji ya hau mota a Kwanar Huguma, ya tafi cirani. Ita kuwa yarinya, kaka ta yi, kuɗi sun shigo gari, masu neman aure sun fara sallama a ƙofar gida.

Babu wanda ya kore su. Babu ma wanda ya zauna ya yanke cewa karatu ya ƙare. Hutu ne kawai ya miƙe, bai ƙare ba.

To me doka ta ce? A garin Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya, wato UBE, a shekarar 1999, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. A 2004 aka yi masa doka. Dokar ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma tilas ne: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. A idon doka, aji shida ba ƙarshen zango ba ne. Tsakiyar hanya ne. Har da hukunci aka tanada ga uban da ya ƙi. Karon farko jan kunne. Karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. Tarar da a yau ba ta taka kara ta karya ba. Amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Dokar ta faɗi haƙƙin uba, ta faɗi haƙƙin gwamnati. A ƙasa kuwa, a ƙauye, a watan Agusta, sai a rasa takamaiman mutumin da aikinsa ne ya tambaya: ina wance, ina wane?

Yanzu bari a leƙa waje, masu sauraro, a ga yadda duniya take auna wannan al'amari.

Hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, tana da cibiyar ƙididdiga a birnin Montreal na ƙasar Kanada. A can ake tattara alƙaluman ƙasashe. Ɗaya daga cikin ma'aunan da aka daɗe ana amfani da su shi ne wannan: cikin yaran da suke ajin ƙarshe na firamare bara, nawa ne suka shiga ajin farko na sakandare bana? Sai a jera ƙasashe, wannan a sama, waccan a ƙasa. A ƙasashe irin su Japan da Koriya ta Kudu da yawancin Turai, kusan duk yaron da ya gama firamare yana wucewa. A yankinmu na Afirka kudu da Sahara ne giɓin ya fi faɗi.

Sai dai ma'aunin nan yana da wani tarko, kuma ya kamata mai sauraro ya san shi, don kada wani ya zo ya ruɗe shi da kashi kaza cikin ɗari.

Ga misali, ba na gaske ba, don a gane kawai. A ce ƙauyuka biyu ne, kowanne da yara 100. A na farko, 90 suka kai aji shida, 60 suka wuce sakandare. A na biyu, 20 kacal suka kai aji shida, 18 suka wuce. In aka bi ma'aunin, ƙauye na biyu ne gwarzo, domin tara cikin goma sun haye. Amma wane ƙauye ne ya fi yara a sakandare? Na farkon mana, nesa ba kusa ba. Ma'aunin yana ƙirga waɗanda suka iso bakin kogi ne kurum. Bai san da waɗanda suka zube tun a hanya ba. Bai san da almajirin da bai taɓa shiga aji ɗaya ba, bai san da ɗan Fulanin da ke bayan shanu ba.

Ga wani tarkon kuma. Ba tsawon firamare ɗaya ƙasashe suke da shi ba. A yawancin jihohin Jamus shekara huɗu ce. Mu da Nijar shida. Yuganda bakwai. Kenya ta daɗe tana yin takwas kafin ta sauya tsari. Yaron Jamus yana haye wannan mataki yana ɗan shekara goma, lokacin ba a fara lissafa shi cikin masu nemo abinci ba. Yarinyar ƙauye a nan, wadda aka makara wajen sa ta makaranta, tana iya gama aji shida tana da shekara goma sha uku ko sha huɗu. Wannan shekara ce da ake fara kallon ta da wani ido. Ashe ba tsallake iri ɗaya ake yi ba, ko da jadawalin ya jera su a layi guda.

Don haka jeren ƙasashe kaɗai ba ya koyar da komai. Abin da ke koyarwa shi ne a tambayi waɗanda suka matsa gaba: me kuka yi wa wannan giɓin?

A fara da Koriya ta Kudu, domin labarinta da ban dariya. A da, sai yaro ya ci jarrabawa mai tsanani kafin ya shiga ƙaramar sakandare. A ƙarshen 1964, a birnin Seoul, aka yi wata tambaya kan abin da ake sakawa wajen dafa wata alewar gargajiya. Masu jarrabawa suna da amsarsu guda ɗaya. Wasu yaran suka zaɓi ruwan wani farin tushe mai kama da karas, aka ce sun faɗi. Iyaye mata suka ce ba su yarda ba. Suka koma madafa, suka dafa alewar da ruwan tushen nan, ta kuwa yi. Suka ɗauko ta suka kai ofishin ilimi, suka ce a ɗanɗana. Magana har kotu, kuma yaran suka yi nasara. Rigingimu irin wannan suka taru, har a 1969 gwamnati ta soke jarrabawar a Seoul, zuwa 1971 ta soke ta a duk ƙasar. Aka koma rarraba yara makarantun yankinsu ta hanyar ƙuri'a. Wato tun yaro bai bar firamare ba, an san kujerar da zai zauna a gaba.

Sai Kenya. A 2018 gwamnatin Uhuru Kenyatta ta ce duk wanda ya gama firamare sai ya shiga sakandare, ɗari bisa ɗari. Ba ta tsaya a sanarwar rediyo ba. Kowane ɗalibi aka ba shi lamba a kwamfuta, lambar da ke bin sa daga wannan makaranta zuwa waccan. In bai bayyana ba, za a gani. Aka ɗora wa masu mulkin gunduma da na unguwanni, kwatankwacin dagatai da masu unguwanninmu, aikin bi gida-gida. Ministan ilimi da aka naɗa a 2019, Farfesa George Magoha, wanda a Legas ya yi karatun likita, da kansa yake kutsawa lungunan talakawa na Nairobi yana zaƙulo yara. Abin bai tafi sumul ba. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Azuzuwa suka cika maƙil, wasu makarantun har ɗakin cin abinci suka mayar wurin kwana. Amma abu ɗaya ya tabbata: yaro ya daina ɓacewa a ɓoye.

Ruwanda ta bi wata dabarar. Daga 2009 ta shiga ƙara azuzuwan ƙaramar sakandare a cikin harabar firamare. Jama'ar gari ne suka yi ta aikin gayya, suna haƙa, suna ɗebo ruwa da yashi. Yaro ya gama aji shida, ya tsallaka tsakar makaranta, ya shiga aji na gaba. Ƙofa ɗaya, hanya ɗaya, malaman da suka san gidansu.

A jihar Bihar ta Indiya kuwa, keke ne. A 2006 gwamnatin jihar ta fara ba 'yan matan da suka shiga aji tara kuɗin sayen keke. Masana tattalin arziki da suka bi diddigin shirin sun gano shigar 'yan mata sakandare ta ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku. Kuma ya fi tasiri a ƙauyukan da makaranta take da tazara. Abin sha'awar, da 'yan matan suka fara fita a jere kan kekuna, ayari guda, sai hankalin iyaye ya kwanta da hanyar.

Bangaladash ƙasar Musulmi ce, mai yawan jama'a, mai fama da ambaliya kamar yadda mutanen fadamun Miga da Jahun suka san ambaliya. A 1994 ta fara ba 'yan matan karkara ɗan tallafin kuɗi in sun shiga sakandare, da sharaɗin zuwa aji da cin jarrabawa da jinkirta aure har a gama. Aka wayi gari 'yan mata sun fi maza yawa a sakandaren ƙasar.

Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda muke cin kasuwar Maigatari tare, ciwonsu irin namu ne. Makarantar gaba tana cikin gari, yaron ƙauye sai ya samu mai masauki. In babu gidan da uba ya amince ya ajiye 'yarsa, karatu ya tsaya. Shi ya sa gwamnatin Mohamed Bazoum ta fara gina wa 'yan mata gidajen kwana kusa da makarantu, aka buɗe na farko a Kelle ta jihar Damagaram a 2021.

Masu sauraro, a lura da zaren da ya ɗinke waɗannan labarai. Wani ya cire shinge. Wani ya matso da makaranta. Wani ya rage nisan hanya. Wani ya bi yaro da sunansa har gida. Dukkansu a kan wuri ɗaya suka yi aiki, wato watannin nan da yaro ba ya cikin rajistar kowa.

Yanzu a dawo gida.

Dattawan Birnin Kudu da Dutse suna tuna zamanin En'e. A lokacin, kaɗan ne suke wucewa gaba da firamare, ƙalilan ƙwarai. Amma wanda aka zaɓa, ba a barin sa ya sulale. Takarda ta bi ta hannun hakimi, ta sauka wurin dagaci, a zo har zaure a kira sunan yaro. Wasu iyayen ma ɓoye 'ya'yansu suke yi, don ana ganin boko kamar kamu ne. Makarantu irin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, inda Alhaji Aliko Ɗangote ya yi sakandare, da irin wannan tsari suka yi suna: ga wurin kwana, ga abinci, ga littafi. Ba wanda yake fatan a koma zamanin da sai ɗaiɗaiku ke wucewa. Amma akwai abin da aka yar a hanya. Da ƙofa ta buɗe wa kowa, sai aka daina zuwa kiran kowa.

Ba za a ce Jigawa ta naɗe hannu ba. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991 an yi ta ƙara makarantun jeka-ka-dawo. A zamanin Gwamna Sule Lamido, lokacin da Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i take kwamishinar ilimi kafin ta zama minista, aka ayyana karatun 'ya'ya mata kyauta. Shirin ESSPIN na tallafin Birtaniya ya yi shekaru a jihar yana ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu, waɗanda suka haɗa iyaye da malamai da masu gari. A 2011 jami'ar tarayya ta zo Dutse. Gwamnatin Malam Umar Namadi ta ware ma'aikata ta musamman don ilimin matakin farko. Jihar kuma tana cikin waɗanda aka ƙara a shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda cikin manufofinsa akwai gina ƙananan sakandare kusa da jama'a da tallafa wa 'yan matan gidajen marasa ƙarfi. Duk waɗannan abin a yaba ne.

Amma wanda ya bar kwalta ya shiga ƙauyukan Buji ko Gwaram ko bayan Kiyawa, ya san lissafin da idonsa. Firamare kusan kowane babban ƙauye akwai ta. Ƙaramar sakandare kuwa guda ɗaya ce take ɗaukar ƙauyuka da dama. Ga rairayi. Ga kwari da ke cika da damina. Yaron da ke da keke ya tsira. Yarinya fa? Uban da ya ce ba zai bar budurwar 'yarsa ta riƙa ratsa gonaki ita kaɗai da sassafe ba, kada a yi saurin kiran sa jahili. Tsoronsa na da tushe. Amsar tsoron nan ita ce makaranta a kusa, ko rakiya, ko ayari irin na Bihar. Wa'azi kaɗai ba ya rage kilomita ko ɗaya.

Sannan ga maganar kyauta. An ce kyauta ne, kuma kuɗin makaranta dai ba a karɓa. To yunifom fa? Takalmi, littattafan rubutu, kuɗin tara, kuɗin mota ko na acaɓa? Duk a watan Satumba suke faɗowa, kafin amfanin gona ya shiga kasuwa, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ga kuma asarar abin da yarinya take kawowa daga talla, wanda da shi uwa take tara kayan ɗaki. Uwa ba ƙin karatu take yi ba. Lissafi take yi, kuma ta iya lissafi.

Akwai magana ta uku, mai ɗaci, wadda in an ɓoye ta an yi kitso da ƙwarƙwata. Wani uban yakan miƙa wa ɗansa da ya gama aji shida takardar asibiti ko ta taki, ya ce karanta mini. Yaro ya yi shiru. Shekara shida ke nan. Shi kuwa ƙaninsa da ke makarantar allo ya kai izu kaza, ana jin karatunsa da kunne. Da wace hujja za a ce wa uban nan ya ƙara shekara uku? Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Ashe wani giɓin tun a aji biyu da aji uku aka haƙa shi. A dogon hutu ne kawai yaron yake faɗawa.

Waɗannan uku, nisa da kuɗi da ingancin karatu, nauyin gwamnati ne mafi yawa, kuma dole a ci gaba da tuna mata. Amma akwai guda ɗaya da ba ya jiran kasafin kuɗi. Shi ne bin suna. Abin da Kenya ta yi da kwamfuta, ƙauye yana iya yin sa da takarda da biro. Hedimasta yana da jerin 'yan aji shida. Shugaban ƙaramar sakandare yana da jerin waɗanda suka zo. A ɗora wannan a kan wancan. Sunayen da suka rage su ne aikin. A ƙauye ɗaya ba za su wuce a ƙirga su a zama guda ba, kuma mai unguwa ya san ƙofar kowane gida. Wani yunifom ne kawai ya tsayar da shi. Wata abokiyar tafiya ce ta rasa. Wani kuwa ba wanda ya gaya masa makarantar da aka tura shi.

Don haka ga saƙo gare ku, masu sauraro. Malam hedimasta, kafin ka rufe rajistar bana, ka kwafi sunayen nan ka miƙa wa mai unguwa da shugaban kwamitin makaranta. Ranka ya daɗe dagaci, a sa rana, mako biyu bayan an koma karatu, a zauna a ƙofar fada a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Malam liman, a tuna wa jama'a ranar komawa bayan sallar Juma'a. Iyayenmu mata na ƙungiyoyin unguwa, ku kuka san wadda aka fara yi wa maganar aure da wadda takalmi kawai ta rasa; ku haɗa 'yan matan su riƙa tafiya tare. Kai kuma ɗan gari da ke aiki a sakatariyar Dutse, in ka je gida ƙarshen makon nan, ka tambayi 'yan aji shidan bara na layinku, kowa da sunansa, ina yake yanzu.

A nan sharhin yau ya tsaya. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka.